Na Ga Murjani Da Ransa

 Wannan mako ba zancen girki ko ɗinki zan yi muku ba. So na ke ki tashi ki buɗe adakarki, ko ki roƙi Inna ta buɗe tata, ki ɗauko murjanin nan da a ke ɓoyewa sai ranar biki, ki riƙe shi a hannu, sa'an nan ki ci gaba da karatu. To, in tambaye ki. Wannan abin da ki ke riƙe da shi, dutse ne, ko itace, ko ƙashi?

Wata yarinya 'yar aji shida ce ta yi mini wannan tambaya a makarantarmu nan Ajingi, ina cikin koyar da labarin ƙasa. Shekara uku na yi a kwalejin horon malamai, na fito da takardata a hannu, amma ran nan sai na yi tsuru-tsuru. Don kada in ji kunya na ce mata wani irin dutse ne na cikin teku. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta. Ashe abin da ba shi ne ba na koya wa 'yar mutane, ban kuwa gane ba sai a watan Disamba na 2024, sa'ad da yayana da ke aiki a Jidda ya biya mini na je Umara.

Murjani dabba ce. Kada ki yi dariya, ni ma da farko ban yarda ba. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai taushi, yawancinsu ba su fi ƙwayar dawa ba. Ba ta da kai, ba ta da ƙafa, sai baki a tsakiya da 'yan hannuwa kewaye da shi kamar gezar masara, da su ta ke kamo ƙananan abubuwan da ruwa ya kawo. Da ya ke ba ta da ƙarfin kare kanta, sai ta riƙa tsotso sinadarin farar ƙasa daga ruwan teku tana gina wa kanta ɗan ɗaki. Dubbai su kan zauna wuri guda, ɗaki jikin ɗaki. In na ƙasa suka mutu, 'ya'ya su yi gini bisa kufansu, jikoki su ɗora bisa na 'ya'ya. Da haka, cikin shekaru dubbai, har a sami tudu mai tsawon mil da yawa a ƙarƙashin ruwa. Irin masu kama da tulu ba su kan ƙaru da abin da ya fi faɗin farcenki a shekara ba. In kin ga wanda ya kai rumbu girma, to ya girmi kakar kakarki.

Amma fa murjani iri-iri ne. Jan nan na wuyanki, in dai na ainihi ne ba na kwalba ko roba ba, asalinsa daga Bahar Rum ne. Can ya ke tsirowa cikin zurfi da kogunan dutse, reshe-reshe kamar ɗan itace, ba ya gina tudu. Mutanen Italiya sun daɗe da gwanintar gyaransa, Larabawan Tarabulus da Gadamus kuma su ne su kan ɗauko shi bisa raƙuma su keto Sahara har kasuwar Kurmi. Ko sunan ma daga Larabci muka aro, an kuwa ambace shi sau biyu cikin Suratur Rahman. Wanda zan ba ki labari ɗan'uwansa ne, mai gina tudu a ruwa marar zurfi. Shi wannan yana da wasu baƙi a cikin jikinsa, ƙananan tsirrai ne da ido ba ya gani, su ke dafa masa abinci da hasken rana kamar yadda ganye ke yi wa itace, su ne kuma ke ba shi launi. Don haka ba ya rayuwa sai inda ruwa ke da ɗumi, garau, rana na ratsa shi.

Abin da ya sa ke nan ko kin je Ikko ba za ki ga irin wannan tudu ba. Kogin Kwara da 'yan'uwansa suna ta juye laka da ruwan daɗi a gaɓarmu, murjani kuwa ba ya shiri da ruwa mai gurɓata. Bahar Maliya fa? Tsawonta ya kai wajen kilomita 2,000, hamada dama hamada hagu, babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba cikinta. Ruwanta ya fi na yawancin tekuna gishiri, ga shi tas kamar hawaye. Kifayen da aka ƙidaya a cikinta sun fi iri 1,000.

Bahar Maliya ba baƙuwarmu ba ce. Kakata ta sha ba ni labarin mahaifiyarta, wadda ta tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Cadi da Darfur, suna tafe suna yada zango suna noma, har suka isa Sawakin a bakin teku, suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, tafiyar wajen kilomita 300. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su komo ba, zuriyarsu na nan a Sudan, a Mai Wurno da Gadarif da Kasala da Fot Sudan, wasu kuma a Makka da Jidda, inda za ki ji ana ce wa iyali guda Hausawi. Abin da ya ba ni mamaki, gidajen Sawakin da dutsen murjani aka gina su, haka ma tsofaffin benayen tsakiyar Jidda, unguwar da a ke kira Balad, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Na shafa bangon wani gida a can, na ga 'yan ramukan ɗakunan halittun nan jere kamar saƙar zuma. Iyayenmu sun kwana cikin murjani, sun ƙetare ta kan murjani, ba wadda ta taɓa leƙa shi da ransa.

To, ga inda mai koyo za ta leƙa. Arewa da tsohon garin Jidda, kamar kilomita 30, ba nisa da filin jirgin saman da alhazanmu ke sauka, akwai wani wuri da teku ta miƙo hannu cikin tudu kamar kogi, tsawon kilomita 9 ko 10. Sunansa Sharm Abhur. A cikin wannan lungu jiragen masu nutso ke kwana, daga bakinsa kuma gaɓa ta miƙa arewa da tudun murjani manne da ita. Ba sai kin shiga jirgi kin yi nisa kina amai ba. Wuraren shaƙatawa da ke gaɓar sun kafa 'yan gadoji bisa ruwa marar zurfi, ki taka har bakin tudun, ki sauka ta tsani. Ruwan ba ya sanyi, da hunturu awon zafinsa wajen digiri 25 ne, da bazara ya kan wuce 30. Yawancin safiya kwance ya ke. Abin da ya fi kyan gani kuma yana sama-sama, daga gaba 2 zuwa gaba 6, watau bai kai zurfin rijiyoyinmu da yawa ba. Akwai makarantun nutso, akwai kuma mata masu koyarwa. Wannan na ƙarshe shi ya sa na yarda.

Da Yaya ya kawo zancen, cewa na yi, "Haba Yaya, ni da ko kogin Wudil in mun zo kan gada sai na rufe ido?" Ya ce, "Malama guda da tsoron ruwa? Me za ki gaya wa yara?" Wannan magana ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Na san abin da ke ranki, zancen sutura ne. Rigar nutso ta roba ce mai kauri, daga wuya har idon sawu har wuyan hannu, da hular da ke rufe kai da wuya. Ta kan kama jiki, gaskiya ne, don haka na ɗora doguwar riga marar nauyi wadda ba za ta harɗe ni ba, kafin in shiga ruwa da bayan na fito kuma na lulluɓa. Mu huɗu ne ran nan, duk mata. Malamarmu baƙa ce kamar ni, da ta ji inda na fito sai ta yi murmushi ta ce, "Sannu." Iyakar Hausar da ta gada daga kakarta ke nan, sai sunayen abinci biyu ko uku.

Kayan aikin ga su. Akwai tukunyar ƙarfe da a ke goya miki kamar jariri, nauyinta ya kusa kilo 15. Mutane na zaton wata iska ce ta asibiti a ciki. A'a, iskar nan ce da mu ke shaƙa, aka tace aka danna ta da ƙarfi, ta kan ishi mutum minti 40 ko fiye in bai yi zurfi ba. Daga tukunyar tiyo ya zo bakinki, da wani ɗan abu da ki ke cizawa, in kin ja numfashi ya ba ki, in kin daina ya tsaya. Wasu Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganyan, suka ƙago shi a 1943. Sai madubin da ke rufe ido da hanci, da takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da ɗamarar darma don ki nutse, da wata 'yar shara da a ke hura wa iska ko a sace ta, don ki tsaya a tsakiyar ruwa, ba ki tafi sama ba, ba ki faɗa ƙasa ba. A tudu sai ki ji kamar an ɗora miki buhun gero. A ruwa nauyin duk ya tafi.

Kafin mu jiƙa ko yatsa, sai da aka zaunar da mu darasi, ni kuwa ina so ki riƙe shi ko da ba za ki taɓa zuwa ba, don ilmi ne. Ruwa yana da nauyi. In kin yi zurfin mita 10, watau gaba 5 da rabi, matsin da ke kanki ya ninka na tudu biyu. Malamar ta ce in ka rufe gorar roba wadda ba kome cikinta sai iska, ka tafi da ita wannan zurfi, sai ta lotse ta koma rabi, in ka komo da ita sama ta koma yadda ta ke. To, juya abin. In kin cika huhunki da iska a can ƙasa, kika riƙe numfashi kika taso, iskar za ta kumbura ninki biyu a ƙirjinki, huhu kuwa ba gora ba ne, yagewa zai yi. Don haka dokar farko, ba a riƙe numfashi ko kaɗan. Ta biyu, kunne. Da kin fara sauka za ki ji yana matsewa, sai ki toshe hanci da yatsu ki hura a hankali har ki ji ya buɗe, in ya ƙi ki ɗan taso. Ta uku, ba a tasowa da gaggawa. Wani kashi na iskar ya kan narke cikin jini sa'ad da ki ke ƙasa, in kin yi wuf kin fito sai ya yi kumfa kamar lemon kwalbar da aka girgiza aka buɗe, ya kan kawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Ta huɗu, ba a nutso mutum ɗaya. Magana kuma da hannu a ke yi. Ki lura, ɗaga babban yatsa a can ba yabo ba ne, ma'anarsa mu koma sama.

Ba zan ɓoye miki ba, minti na farko na ji kunya. Muna durƙushe bisa rairayi, ruwa bai fi ƙirji ba in an tsaya, sai ruwa ya shiga madubina, gishiri ya cika mini hanci. Na miƙe zumbur ina tari ina salati. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta nuna mini yadda a ke danna saman madubin a fyace ta hanci, ruwan ya fita, na yi sau biyar har ya zauna mini. Sa'an nan ta riƙe hannuna muka gangara.

'Yar'uwa, gani ya kori ji. Ban san da me zan kwatanta miki ba sai dai kasuwar Gaya ranar da ta cika, amma babu hayaniya, ba abin da ki ke ji sai numfashinki da wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa can nesa. Ga murjani kamar faifai, ga mai kama da ƙahon barewa, ga mai kama da ƙwaƙwalwa, ga mai laushi yana kaɗawa kamar gero cikin iska. Ƙananan kifaye ruwan lemo ɗari-ɗari suna shawagi bisa kansa, in kin matso su shige gaba ɗaya, in kin ja da baya su fito. Akwai wani kore da shuɗi mai baki kamar na aku, yana gwaguyar dutsen ki na ji, abin da ya niƙa kuma ya fitar da shi ta baya, shi ne farin rairayin da a ke takawa a gaɓa. Wanda ya fi ba ni dariya wani ɗan siriri ne mai baƙin zane, shi ne wanzaminsu. Yana da wurin zamansa, manyan kifaye su zo su yi layi, su buɗe baki ya shiga ya tsince musu ƙwari ya fito, ba mai haɗiye shi. Kome a ruwa ya kan ƙara girma da kusanci a ido. Ja kuwa shi ne launin da ke fara ɓacewa, lallen hannuna da ya yi jawur a tudu, a gaba 5 sai na gan shi ya koma kamar toka-toka. Mun yi minti 30 da ɗoriya, na zaci biyar ne.

Ba a taɓa kome. Wannan don lafiyar murjanin ne, don kuma taki. Akwai wanda a ke kira murjanin wuta, ya fi ƙaiƙayi-koma-kan-masheƙiya zafi. Akwai kifi mai kama da dutse da dafi a ƙayarsa, da wani mai gashi kamar zaki, shi ma haka. Duk cikinsu ba mai bin mutum, sai wanda ya kai hannu ko ya taka.

Abin da na yi ɗanɗano ne kawai, na rabin yini. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, wadda kuma makarantu da yawa ke bin tsarinta, ta yarda da wannan ga mai shekara 10 zuwa sama, tare da malami, ba a wuce mita 12. Mai son takardar shaida sai ta yi kwana 3 ko 4 tana koyo, ta nuna ta iya ninƙayar mita 200, ta kuma iya zama bisa ruwa minti 10, sa'an nan a yarda mata har mita 18.

Akwai waɗanda bai kamata su yi ba, ko kyauta ne. Mai juna biyu kada ta kusanta. Mai farfaɗiya, da mai amosanin jini, watau sikila, su ma haka, wannan kuwa ya shafe mu ƙwarai don cutar tana da yawa cikinmu. Mai fuka, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, sai likita ya duba ya yarda. Mai mura ta jira ta warke, don kunnen ba zai buɗe ba. Za a ba ki takardar tambayoyi kan lafiyarki, ki faɗi gaskiya. Ga kuma wanda ya fi kama matafiya irinmu: ba a hawa jirgin sama sai an yi sa'a 12 bayan nutso ɗaya, ko 18 in an yi fiye da ɗaya. Kada ki ce bari in yi da safe, tun da filin jirgi na kusa, da yamma in tashi Kano.

Kada wani ya ce miki wannan aikin maza ne tun asali. A 1950 wani masani mutumin Ostiriya, Hans Hass, ya shirya zuwa Fot Sudan ɗaukar majigin ƙarƙashin ruwa, ya ce ba ya tafiya da mace. Akawunsa, wata budurwa mai shekara 21 mai suna Lotte, ta je ta koyi nutso da kanta, aka tafi da ita, majigin kuwa ya ci lambar yabo a Italiya a 1951. A 1963 Kusto ya kafa wani gida na ƙarfe a zurfin mita 10 a Sha'ab Rumi, arewa da Fot Sudan, mutanensa suka yi kwana 30 a ciki, matarsa Simon ma ta sauka ta yi kwanaki. Tudun Sanganeb da ke wannan yanki UNESCO ta karrama shi a 2016. Sai dai waɗannan wurare na gwanaye ne, sai da jirgi, ga igiyar ruwa mai ja, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 kuma ya kori baƙi. Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na can sauƙi.

Wani abu ya ɓata mini rai a Abhur. Tsakanin masu rai na ga wasu fari fat kamar alli, wasu kuma sun mutu, gansakuka ta rufe su. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kacal har makonni, sai murjani ya kori baƙin nan masu dafa masa abinci, ya yi fari, in zafin bai sauka da wuri ba yunwa ta kashe shi. Haka ta faru a tsakiyar Bahar Maliya a 2010 da 2015, ta kuma game tekunan duniya daga 2023. Ɗumamar duniyar nan da ke rikita mana damina ita ce ke dafa su. Kusa da gari kuma ga ruwan ƙazanta, ga cike gaɓa don gini, ga leda. Tudun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in irin halittun teku a jikinsa su ke dogara. Ni dai shawarata, in an tallata miki busasshen murjani na ado a matsayin tsaraba, ki bar musu abinsu, dabino ya fi.

Na san abin da wata za ta ce, Malama, mu da ke neman na cefane ina mu ina Jidda? Gaskiyarki, abin ba arha ba ne, ni ma ba don Yaya ba da ban gani ba. Wadda Allah ya kai ta, ba ta kuwa iya nutso, akwai gidan kallon kifi na Fakieh a bakin teku, an buɗe shi a 2013, ta kai yara su gani ta bayan gilashi. Amma abin da na komo da shi ya fi kallo. Na gane cewa tsoron ruwan da aka rene mu da shi bai tsare mu daga ruwa ba. Kowace damina mu kan ji yaro ya tafi a kududdufi. A ƙarshen Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, amma 'ya'ya mata nawa aka koya wa? Ban ce ki tura yarinya kududdufi ba, can tsargiya ke jiranta. Cewa na yi makarantun kwana na 'yan mata ya kamata a gina musu wurin ninƙaya mai katanga, da malama mace, kowane kwalekwale kuma a tilasta masa rigunan ceto. Wannan magana ki kai ta taron iyaye da malamai.

Da aka koma makaranta na kira yarinyar nan gaban aji, na ce ta ɗauko littafinta ta soke abin da na faɗa mata, na ba su haƙuri, na zana musu halittar a allo. Kakata kuwa, da na nuna mata hotona cikin kayan nutso, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ke kishiya, uwata ta ƙetare ruwan nan tana addu'a kada ta faɗa, ke kuma kuɗi aka biya aka jefa ki?" Sa'an nan ta kwance murjanin wuyanta ta miƙo mini, ta ce in duba mata, ko shi ma na roba ne aka sayar mata.